Layukan da Na Goge da Fetur a Kwatano

Ban san na bar gida da gaske ba sai da na tsallake gadar kogin Kwara na sauka Malambil, na yi wa wani ɗan sanda sallama ya amsa mini da Faransanci. Na tsaya riƙe da jakar kayan aikina kamar wanda aka aika ya manta saƙon. Shekarata arba'in da uku a lokacin, kuma ban taɓa wuce Kano ba.

Sunana Umaru, amma a Sabon Garin Gusau in ba ka ce Umaru Tafireta ba babu wanda zai nuna maka shagona. Haifaffen Tsafe ne ni, shekara goma sha tara ina gyaran tafireta. Da aka ba mu jiha na ce kakata ta yanke saƙa, ofisoshi za su cika gari, kowane ofis da akawunsa, kowane akawu da tafiretarsa. Ofisoshin kuwa sun zo, amma da kwamfuta suka zo. Shekara biyu da samun jiha sai ga wani masinja ya ajiye mini wani farin inji mai murfi a kan teburi. Wai shi kaɗai yana buga takarda daga kwamfuta, yana ɗaukar hoton takarda ya kai cikin kwamfuta, yana kuma yin fotokwafi. Kwana uku ina juya shi, ban ma gano ta inda ake buɗe shi ba. Masinjan ya dawo ya ɗauke abinsa a gaban maƙwabtana, yana dariya yana cewa ashe akwai abin da ya fi ƙarfin Malam Umaru. Dariyar ba ta dame ni kamar lissafin da na yi a zuci ba: in wannan ne injin gobe, to ni da iyalina gobe babu tuwo.

Alhaji Bawa na Bungudu, wanda ke fataucin tsofaffin motoci daga Kwatano, shi ya ba ni shawara. Ya ce, "Umaru, in kana so ka ci gaba da cin abinci da sukudireba, tashi ka tahi Kwatano. Akwai wani shago bayan Zango, babu injin ga da ba su buɗewa su maida. Ka ce ni na turo ka." Ya rubuta mini kwatance a bayan wata takarda. Na rufe shago, na bar matata Kulu da yara biyar, na gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ilmi zan je nema.

A Malambil aka fara koya mini karatu, amma ba wanda na je nema ba. Wani ɗan kamasho mai Hausa tiryan-tiryan ya tare ni da fara'a, ya kira ni ɗan'uwa, ya karɓi jakata, ya ce akwai mota mai tafiya Kwatano kai tsaye, mutum ɗaya ake jira. Na biya ina godiya. Motar ashe babbar mota ce ta albasa, wurin zamana kuwa can saman buhuna. Damina ce, muna barin gari ruwa ya sauko, babu tamfol ta kaina. Na ƙudundune ina rungume da jaka, warin albasa yana sa ni hawaye, ina ba kaina haƙuri da cewa ai gobe ina Kwatano. Da la'asar muka shiga wani gari, direba ya kashe mota ya yi mini alama da hannu in sauko. Na ce Kwatano? Ya ce Kandi. Nan motar ta tsaya, nan dama za ta tsaya, ko rabin rabin hanya ba mu yi ba.

Na zauna bakin tasha jiƙe sharkaf, raina a ɓace, ina zagin ɗan kamashon da kakanninsa. Wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da soyayyen cuku ta yi ta kallona. Can ta naɗe guda uku a ganye ta miƙo mini. Na sa hannu aljihu, ta kaɗa kai. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma ta kama hannun rigata ta kai ni har gaban motar gaskiya mai zuwa Faraku, garin da ke gaba a hanyar Kwatano, ta yi wa direban magana da tsawa, sannan ta koma kan tallarta. Ban san sunanta ba, har yau ina sa ta a addu'a.

Daga Faraku jirgin ƙasa na shiga, mai tafiya kamar yana jin tausayin dogo. A nan na fara ganin abin da ya ɗaure mini kai. Duk garin da muka ratsa, bakin hanya jere yake da manyan kwalabe masu ciki kamar tulu, cike da fetur. Na tambayi wani mahauci Bahaushe da ke kusa da ni daga ina man nan yake. Ya dube ni ya ce, "Daga ƙasarku mana." A Gusau mun bar motoci sun yi layi tun daga gidan mai har ba ka ganin ƙarshensu, 'yan kabu-kabu suna dambe a kan galan guda, ga shi nan mata suna sayar da shi kamar kunu.

Kwatano ta karɓe ni da hayaniyar babura da wata iska mai gishiri da ke manne wa mutum a jiki. Na sauka a Zango, a zauren wani mai masauki da ya san Alhaji Bawa. Washegari na bi kwatance har na sami shagon. Na tarar da wata mata gajera mai tabarau, sanye da shuɗiyar rigar aiki, ta sunkuya a kan wani inji. Na gaishe ta na ce ina neman mai shagon. Ta ɗago ta ce da Hausa, "Ka same ta."

Na ɗauka ba ta fahimce ni ba. Na ce injiniyan nake nufi, mai gyara. Ta ajiye sukudireba ta ce, "Ni ce Odil. Ni ce mai shago, ni ce mai gyara. In namiji kake nema, akwai mai faci a gaba."

Alhaji Bawa bai gaya mini mace ba ce, kuma na tabbata da gangan ya yi, don ya san da ban taso ba. Ga shi na girme ta da kusan shekara goma. A garin Zugu, can arewacin ƙasar, ta tashi cikin fataken goro, shi ya sa take jin Hausa. Na haɗiye girman kaina da ƙyar na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce in buɗe jakata. Ta ga guduma ƙarama, filaya, gwangwanin man keke, burushi, da kwalbar da nake zuba fetur. Ta taɓe baki.

"Wanda bai san komai ba ya fi mini sauƙi," in ji ta. "Ku masu tafireta hannunku da nauyi. Wata ɗaya za ka yi hannunka a bayanka, ido kawai. Abin da ban ce ka taɓa ba, kada ka taɓa. In ka taɓa ya lalace, ka koma Gusau. Ka yarda?"

Na ce na yarda, Madam. A raina kuwa cewa nake, yarinyar nan ba ta san wa take yi wa magana ba.

Ranar da ta fara buɗe irin injin nan a gabana na ji kunya ta rufe ni. Noti huɗu kacal gare shi, sauran duk wasu 'yan ƙugiyoyin roba ne a ɓoye, sai ka san inda suke ka danna su da siririn ƙarfe murfin ya saki. Abin da ya gagare ni kwana uku, ta yi shi kafin in gama gyara tsayuwa. Ta nuna mini cewa injin gida ne mai hawa biyu. A sama akwai gilashi, ƙarƙashinsa wata 'yar keke mai fitila da madubai tana tafiya a kan sandar ƙarfe, bel mai haƙora yana jan ta, ita ke ɗaukar hoton takarda. A ƙasa akwai kan tawada, shi ma a kan tasa sandar da nasa bel ɗin, yana kai da komo, tayoyin roba suna turo masa takarda. Hawan saman yana ɗagawa kamar bonet ɗin mota don a canza tawada. Har wani ɗan makulli ne da shi a gefe, na ɗaure keken fitila in za a yi tafiya da injin, don kada madubai su goce.

Na tambaye ta me ya sa komai na roba ne, hatta haƙoran giya. Ta ce masu ƙera shi inji biyu suka matse a wurin inji ɗaya, kuma suna so mutum ɗaya ya iya ɗaukarsa, don haka duk abin da za a iya sirantawa sun siranta. Ni da na saba da tafireta, wadda in ta faɗo daga teburi siminti ne zai ji jiki, sai na ga abin kamar wasan yara. Na ce mata wannan ai ko tsawa aka yi masa sai ya karye. Ta ce, "Shi ya sa na ce hannunka a baya."

Haka na yi mako uku ina tsaye kamar dogari. Da rana in ci wani farin tuwon masara mai tsami da miyar kifi mai yaji, cikina yana ƙorafi. Da yamma in koma zauren Zango in zauna ina tunanin tuwon dawar Kulu da miyar kuka, da ƙaramar 'yata da na baro tana koyon tafiya. Kewar gida ta dame ni ƙwarai, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne hannuna. Shekara goma sha tara bai taɓa yini bai kama ƙarfe ba, yanzu mace ta ɗaure shi da magana.

Ranar wata Talata aka kawo irin injin nan daga wani ofishin masu fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Bugunsa ne ke fita da ɗan dishi-dishi. Madam ta cire murfin, sai aka aiko kiranta. Ta ce mini, "Ka hura masa iska da famfon nan kawai. Ina dawowa."

Na hura iska. Ina hurawa sai idona ya kai kan wani siririn abu a bayan kan tawada, kamar tsinken leda, faɗinsa bai kai farce ba, an ɗaure shi daga wannan bango zuwa wancan. Ya yi duhu-duhu, ga ɗigon tawada a jikinsa. Duk mai gyaran tafireta a ƙasar Hausa ya san maganin datti guda ɗaya ne: fetur da burushi. Da shi muke wanke haruffa su fito fes, da shi aka koya mini, da shi na koya wa wasu. Na ce a raina yau zan nuna wa Madam cewa ba a banza na yi furfura ba. Na fita bakin titi na cika kwalbata wurin mai sayar da mai, na jiƙa tsumma, na kama tsinken nan na goge shi tun daga farko har ƙarshe. Duhun ya fita tas, tsumma ya yi baƙi, abin ya koma garau kamar ruwa. Na ƙara da ɗiga wa sandar man keke. Na koma na tsaya, hannu a baya, ina murmushi.

Tana shigowa ta tsaya ta shaƙi iska. "Me nake ji haka?"

Na ce, "Ɗan taimako niy yi miki, Madam. Kunna ki gani."

Ta kunna. Kan tawada ya motsa a hankali, sai kuma ya kwasa da gudu ya daki bangon dama, ƙwas! Ya juyo ya daki na hagu, ƙwas! Bel ya yi wata ƙara kamar ana yage atamfa. Ta fizge waya daga bango.

Ta zare tsinken ta ɗaga shi a haske. Sannan ta jawo wani daga wani mataccen inji na wani samfuri daban, ta miƙo mini tare da gilashin ƙara girma. Ta ce in duba. Na duba, sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Duhun nan ba datti ba ne. Layuka ne baƙaƙe a tsaye, sirara fiye da gashin kai, jere reras ba su ƙirguwa. Ta ce a bayan kan tawada akwai wani ɗan ido da ke ƙirga layukan nan yana wucewa, da su injin ke sanin inda kansa yake da inda zai tsaya. "Ka goge masa hanya," in ji ta. "Yanzu makaho ne, gudu kawai yake yi sai ya ji bango."

Na dubi tsumman da ke hannuna. Baƙin da nake alfahari da shi, ashe shi ne layukan.

"Mun yi magana ranar farko," ta ce. "Ɗauki jakarka."

Ban taɓa roƙon mace ba in ba mahaifiyata ba, amma ranar na roƙa. Na ce ta gaya mini shagon da ake sayar da abin, ko nawa ne zan saya. Ta yi wata dariya marar daɗi ta ce babu shagon da ke sayar da shi, masu ƙera injin ba su yi shi don a canza ba. Sai dai a samu mataccen inji irinsa sak a cire. Sannan ta ce in na samo, in dawo mu yi magana.

Kwana tara na yi ina yawo a Kwatano da gogaggen tsinken a aljihu. Na shiga kasuwar Dantokpa na ɓace sau biyu. Na bi rumfunan masu tsofaffin kayan lantarki ina nuna abin, wasu su yi dariya, wasu su kore ni da hannu. A rana ta huɗu wani ya rantse mini da abin da yake bauta wa cewa nasa irinsa ne. Na saya na ruga shago. Madam ta ɗora shi a kan na asali, ya gaza da faɗin yatsa biyu, layukansa ma ba tazararsu ɗaya ba. Na koma neman mutumin, maƙwabtansa suka ce ba su taɓa ganinsa ba. Ranar na zauna bakin teku, abin da ban taɓa gani ba a rayuwata, amma ko kallon kirki ban yi masa ba. Tunanina ɗaya ne, da wane ido zan shiga Sabon Gari in ce mace ta kore ni saboda na wanke inji da fetur.

A rana ta tara na sami wani fili bayan tashar jiragen ruwa inda ake zubar da kayan da suka fashe a kwantena. A ƙarƙashin wata karyayyar firiji na hango farin murfi irin wanda nake nema. Gilashinsa ya tarwatse, amma hawan ƙasa lafiya lau. Matar da ke tsaron wurin ta bar ni na buɗe da kaina. Na danna ƙugiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya yadda na ga Madam tana yi, na zare tsinken da yatsa biyu, na naɗe shi a farar takarda na sa cikin hulata.

Madam ta duba shi da gilashinta ta daɗe. Sannan ta ja da baya, ta sa nata hannun a bayanta, ta ce, "Sa shi."

Na zura shi ta ramin bayan kan tawada, na maƙala bakinsa a ƙugiya, na ja ɗayan bakin na sa a ɗan sifirin da ke ɗame shi. Na goge man keken da na ɗiga, ta ba ni nata man na shafa kaɗan. Ta canza bel ɗin da ya cinye. Muka kunna. Kan tawada ya tafi dama a hankali, ya tsaya kafin bango, ya dawo. Na ɗora takarda a gilashi na danna, fitila ta wuce, takarda ta fito ta ƙasa rubutu fes. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Na ce, "Madam, a aika wa masu shi su zo su ɗauka."

Ta cire tabarau tana gogewa. "Sun sayi sabo tun rana ta uku. Sun ce in jefar da wannan."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "A jefar? Injin ga da ke aiki? To don mi kinka bar ni ina yawo cikin rana?"

"Da na gaya maka, da ba ka koyi buɗe shi ba."

Ta ɗauko makulli ta buɗe wata ƙofa a bayan shagon da ban taɓa ganin an buɗe ba. Ɗaki ne cike da injuna tun daga ƙasa har rufi, an jera su kamar buhunan gero. Ta ce yawancinsu ƙaramin abu ne ya kashe su, haƙorin roba ɗaya, ko ƙugiya, ko tsinke irin nawa. Kowace shekara sai an fito da sabon samfuri, kayan na bana ba sa shiga na bara, masu su kuma sun gaji da jira sun daina zuwa. Ta ce ita kanta bayan sabuwar shekara za ta rufe shagon, ta koma sayar da sababbi tare da ƙaninta.

Na tsaya a bakin ƙofar nan ina kallon injunan. Na ce, "Madam, ke nan sana'ar da niz zo koyo, ita kike shirin bari?"

Ta ce, "Ita ce. Amma a Gusau za ta ba ka 'yan shekaru. In kana so, gobe ka zo da wuri."

Na zo da wuri. Wata huɗu na ƙara a wurinta, na koyi duk abin da ta sani, har ranar da muka fitar da teburin aikinta waje. Ta ba ni injin nan kyauta, ta ɗaure masa keken fitila da hannunta, muka sa shi a kwali.

Da la'asar na isa gida. Kulu ta fito da gudu, ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, "Malam, an samo abin da anka je nema?" Na ce an samo. Ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika tsakar gida, yara suna ta shafa kwalin, kowa yana yi mini barka da arziki. Na yi ta amsawa ina murmushi. Sai da aka shekara kafin na iya ba ta labarin ɗakin bayan shagon.